Kundin aikin sake jadawalin kwafin ajiya a kamfaninmu, Fabrairu zuwa Afrilu 2025

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Cikakken kwafin ajiyar bayanan kwamfutocinmu na wata-wata da ya tashi daren jiya Lahadi ƙarfe 11:05 ya mutu wajen ɗaya na dare. Na Janairu ma haka ya ƙare. An ɗora mini aikin sake jadawalin baki ɗaya, don haka zan riƙa rubuta inda aka kwana a nan, saboda wanda zai gaje ni da kuma abokan sana'a da ke fama da irin wannan.

Kamfanin na rarraba kayan masarufi ne, shinkafa da sukari da taliya da man girki. Hedikwata a Kano, reshe ɗaya a Kaduna, ƙarami a Katsina. Abin da ake ɗauka a hedikwata ya kai terabayit 2.8, yawancinsa fayilolin ofis ne da takardun da aka ɗauki hotonsu, sai rumbun bayanan ciniki da lissafi, wanda shi ne ran kamfanin ko da yake bai fi gigabayit 90 ba. Manhajar Bacula muke amfani da ita a kan Linux. Tana rubutawa a faifai tukuna, daga baya a juye a kaset ɗin LTO-8.

Wanda ya girka mana ita shekarun baya ya bar jadawalin misali da ke zuwa da manhajar yadda yake: cikakken kwafi Lahadin farko ta wata, kwafin bambanci (abin da ya sauya tun cikakken kwafi na ƙarshe) sauran Lahadi, kwafin ƙari (abin da ya sauya tun kwafin da ya gabata) Litinin zuwa Asabar, duka ƙarfe 11:05 na dare, sai kwafin kundin manhajar kanta 11:10. Jadawalin ba shi da aibu. Kern Sibbald ya fara rubuta Bacula a 2000, kamfanin da ke tallafa mata kuma a Suwizalan yake, inda sha ɗayan dare ke nufin kowa ya tafi gida, wuta kuwa tana nan. A wurinmu rabin zancen ne kawai gaskiya.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ban taɓa fayil ɗin saiti ba tukuna. Na je na zauna da Baba mai kula da injin janareta, domin shi ke riƙe da littafin kunnawa da kashewa, kuma littafin nan ya fi duk wani rahoto da ke kwamfutata amfani a wannan aiki. Da biro yake rubutawa, layi-layi: ƙarfe nawa aka ɗauke wuta, ƙarfe nawa ya tayar da inji, lita nawa aka zuba.

Na tambaye shi yaushe yake kashewa. Ya ce, "Yaro, ƙarfe bakwai. Yallaɓai ya ce in an tashi a kashe, mai ba ruwan rijiya ba ne."

Daga bakwai ɗakin sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanan kamfanin, ya koma kan wutar gari in akwai, in babu sai batiran inbata. Batiran suna riƙe sabobin wajen awa huɗu, amma ba sa ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki. Daren Lahadi an ɗauke wuta kusan tara, sai batiri ya ja har ɗaya ya sauke. Ga lissafin da ya kamata a yi tun farko: layin cikin gida na gigabit ɗaya yana ba mu kimanin megabayit 100 a daƙiƙa, wato gigabayit 360 a awa. Terabayit 2.8 na bukatar kusan awa takwas ke nan in komai ya tafi daidai. An ɗora aikin awa takwas a kan batirin awa huɗu da tuni ya sha rabinsa kafin a fara.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Abin da ya fi tayar mini da hankali: ranakun da sabar Bacula ke kashe da ƙarfe 11:05, ba a ga jan rubutu ko ɗaya a rahoto. Manhajar ba ta rama aikin da lokacinsa ya wuce tana kashe. Aikin bai faɗi ba, bai ma wanzu ba, saboda haka babu saƙon kuskure da zai zo wa kowa. Na jera ayyukan watanni uku da suka wuce kusa da littafin Baba, giɓin ya zo daidai da dararen da ya rubuta "babu wuta tun magariba".

Talata, 11 ga Fabrairu

Zama da Hajiya shugabar sashen kuɗi, sannan da Alhaji mai kamfanin.

Tambaya ɗaya na kai wa Hajiya: in rumbun ciniki ya lalace yanzu, aikin awa nawa za ku iya sake shigarwa da hannu daga rasit? Da farko ta ce ko minti ɗaya ba ta yarda ba. Kowa haka yake cewa. Na bayyana mata cewa hakan na nufin saba ta biyu da ke bin ta farko ƙafa da ƙafa, da kuɗinta. Ta yi shiru, ta kira ɗaya daga cikin akantocinta suka yi ƙus-ƙus, sannan ta ce, "Malam, rabin yini za mu iya. Yini guda kuwa sai mun kwana biyu muna neman bakin zaren, don direbobi ba sa dawo da takardu a kan lokaci." To an samu ma'auni. Rumbun ciniki sau biyu a rana, sauran fayiloli sau ɗaya.

Wajen Alhaji maganar mai ce. Na nemi abu biyu: a ƙara rabin awa kafin a kashe inji kowace yamma, a kuma ba ni Lahadi ɗaya a wata daga takwas na safe zuwa la'asar sakaliya, in babu wutar gari.

"Wato kwamfuta za ta sha mai ranar da babu ciniki."

"Ranka ya daɗe, sau goma sha biyu ne a shekara. Kuma ranar da aka kawo wuta ba za a kunna ba."

Ya tuna mini da Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako cikin duhu bayan matsalar manyan layukan dakon wuta, ya ce a lokacin da me muka yi kwafin? Amsar ita ce da rana aka yi abin da aka yi, da hannu, don inji na aiki. Wannan ya taimaki hujjata fiye da duk abin da na shirya faɗa. Ya amince, da sharaɗin Baba ya riƙa rubuta man Lahadin daban.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Sabon jadawalin hedikwata ya hau. Ga zuciyarsa (Full shi ne cikakke, Differential bambanci, Incremental ƙari):

Run = Level=Full 1st sun at 08:00
Run = Level=Differential sat at 18:15
Run = Level=Incremental mon-fri at 18:15

Rumbun ciniki yana da nasa daban, 1:45 na rana lokacin da aka fita sallar azahar, da 6:05 na yamma. Ba fayilolin rumbun ake kwafa kai tsaye yana aiki ba. Kafin aikin ya fara, wani ɗan umarni a kan sabar yana sa rumbun ya fitar da kwafin kansa a fayil guda, shi Bacula ke ɗauka. Fayil ɗin rumbun da aka kwafa ana tsakar rubutu a cikinsa yakan yi kyau a ido har ranar da aka zo buɗe shi.

Na mayar da kwafin bambanci daren Asabar maimakon Lahadi don kada a nemi inji sau huɗu ko biyar a wata. Akwai wanda ya ce mu jefar da shi gaba ɗaya, cikakke da ƙari sun isa. Ban yarda ba. Kwafin ƙari kamar ayarin raƙuma ne da aka ɗaure da igiya ɗaya: kowanne na riƙe da na gabansa, in igiya ta tsinke a tsakiya na baya sun ɓata. Ba tare da kwafin bambanci ba, mai maido da kaya a ƙarshen wata sai ya bi ta kan guntaye fiye da ashirin. Da shi, cikakke ɗaya, bambanci ɗaya, ƙari biyar a mafi yawa.

Abin da na fi jin daɗinsa yau ƙarami ne. Na'urar UPS da ke gaban sabobin, mai batirin da ke riƙe su in an ɗauke wuta, tana magana da Linux ta manhajar NUT, kuma umarnin upsc yana faɗin halin da take ciki: OL in tana kan wuta, OB in ta koma batiri. Namu tsarin an ja wa UPS ɗin waya ta yadda za ta ga ɗaukewar wutar. Sai na rubuta layuka kaɗan da ke gudana kafin kowane babban aiki: in an ga OB, a ƙi farawa. Aikin sai ya faɗi da kuskure, saitin Reschedule On Error kuma ya sake gwadawa bayan rabin awa, har sau shida. Faɗuwa tun kafin a taɓa faifai ta fi mutuwa a tsakiyar rubutu sauƙin gyara nesa ba kusa ba, kuma tana barin sawu a rahoto.

Akwai saitin Rerun Failed Levels, wanda in cikakken kwafi ya faɗi yake ɗaga aikin da ke biye ya zama cikakke. A inda wuta ke zaune abu ne mai kyau. A nan na bar shi a kashe, domin zai jefo mana aikin awa takwas ranar Litinin 6:15 na yamma, saura awa ɗaya da kwata Baba ya kashe inji.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Kwafin azahar na jiya bai tashi ba sai bayan la'asar, daidai lokacin da masu sayen sari suka cika kanta, kowa na kukan kwamfuta ta yi nauyi.

Dalilin ya cancanci a tsaya a kansa, don duk mai Bacula zai ci karo da shi. Kowane aiki na da lambar fifiko, 10 in ba a sauya ba, kuma ƙaramar lamba ita ce gaba. Rumbun ciniki na kan 5. Mutum zai zaci mai 5 zai ture kowa ya wuce. Ba haka tsarin yake ba: manhajar ba ta gudanar da ayyuka masu fifiko daban-daban a lokaci guda. In mai 10 ya riga ya fara, mai 5 sai ya tsaya ya jira shi ya gama, ko da akwai gurbi. Fifikon na aiki ne a kan waɗanda ke layi, ba a kan wanda ya riga ya shiga ba.

Wanda ya riga ya shiga kuwa aikin reshen Kaduna ne. Kwafin ƙari aka tsara masa, amma da manhajar ta duba kundinta ba ta ga cikakken kwafin reshen da ya taɓa kammaluwa ba, sai ta ɗaga shi ya zama cikakke, kamar yadda ta saba. Ya kwana yana ja, ya wuni yana ja, har aka soke shi da hannu.

Gyara biyu. Na kunna Allow Mixed Priority a kan dukkan ayyukan, domin sai duk waɗanda ke gudana suna da shi yake aiki, sa shi a kan mai gaggawar kaɗai ba ya wadatarwa. Na kuma sa wa kwafin azahar Max Start Delay na awa ɗaya: in bai samu tashi ba zuwa uku saura kwata, ya haƙura, na shida na zuwa. Kwafin kundin manhajar na nan a lambar fifiko 11 don ya zo bayan kowa, amma na matso da shi 7:10 na yamma, tunda shi ne taswirar da ke nuna wane fayil ke wane faifai.

Talata, 25 ga Fabrairu

Rassa. Layin da ya haɗa mu da Kaduna megabit 20 ne, wato megabayit 2.5 a daƙiƙa, gigabayit 9 a awa. Sabar reshen na ɗauke da gigabayit 400. Awa 44 ke nan ba tsayawa, alhali daga yammacin Asabar zuwa safiyar Litinin awa 38 ne. Babu jadawalin da zai gyara wannan lissafi, sai dai a rage kaya.

Da aka buɗe jakar da ma'aikata ke ajiya tare, fiye da rabi finafinai ne, da bidiyon biki, da wa'azi, da wasannin ƙwallo. Ban goge wa kowa komai ba, ba aikina ba ne, na dai cire irin waɗannan fayiloli daga jerin abin da ake ɗauka, na kuma sanar da manajan reshe a rubuce. Abin ya dawo gigabayit 150, kusan awa 17. Reshen na da sola da batiri mai kyau, zai iya kwana.

A lura: sauya jerin abin da ake ɗauka yana sa Bacula ta yi cikakken kwafi a karo na gaba, sai in an kunna Ignore FileSet Changes. Don haka ba a taɓa jerin nan ranar Talata da rana. Na ajiye sauyin sai yammacin Asabar da ta wuce, ya tafi ya gama kafin azahar ɗin Lahadi.

Daga yanzu rassa ba za su ƙara turo cikakken kwafi ta layi ba. Ƙari kawai kowace yamma, sannan sau ɗaya a wata sabar ajiya a Kano ta haɗa tsohon cikakke da guntayen ta fitar da sabo, abin da manhajar ke kira VirtualFull, ba tare da ta tuntuɓi reshen ba. Wannan na bukatar a kunna Accurate, don a san fayilolin da aka goge ko aka matsar, in ba haka ba matattu za su riƙa dawowa duk ranar da aka maido da kaya. Yana cin ƙwaƙwalwar sabar reshe, amma tana da sarari. Na kuma ɗaure aikin rassa a megabayit ɗaya a daƙiƙa in ya shiga lokacin aiki, don manhajar ciniki ta samu hanya.

Katsina gigabayit 60 ne, ba ta da rigima, sai agogo. Ɗan batirin cikin sabar ya mutu, duk aka ɗauke wuta sai ta farka a wata shekara daban. Kwafin ƙari kuwa da lokacin da aka taɓa fayil yake aiki. An aika batiri da direba.

Litinin, 3 ga Maris

Cikakken kwafin jiya ya gama 4:20 na yamma. An samu wutar gari har sha ɗaya, inji ya ƙarasa. Na tura wa Alhaji layi ɗaya na rahoton, ya amsa da "Madalla."

An tashi da azumi shekaranjiya Asabar, 1 ga Maris, jadawalin da na gina makonni biyu da suka wuce kuma ya fara karkacewa. Ofis na tashi huɗu yanzu. Sito kuwa ya koma aikin dare, don masu lodi ba sa iya ɗaukar buhu da ƙishirwa a ranar Maris, sai bayan asham motoci ke shigowa, ana rubuta takardun fita har sha biyu. Wannan ne kuma watan da sukari da man girki suka fi tafiya. Ƙarfe 6:05 ya daina zama ƙarshen ciniki.

Asabar, 8 ga Maris

Azumin ya zo da kyautarsa. Daga wajen 6:30 zuwa 8:30 babu mahaluƙin da ke taɓa kwamfuta a kamfanin nan: shan ruwa, magariba, isha'i, asham. Inji kuma na kunne saboda aikin dare. Ban taɓa samun fili mai tsabta irin wannan ba. Na yi jadawali na biyu na azumi: fayiloli 6:40, rumbun ciniki 1:45 na rana da 6:35 na yamma, da ƙari na uku 12:15 na dare bayan motar ƙarshe, kafin a kashe inji. Na ukun nan shi ya fi muhimmanci, don shi ke riƙe da cinikin dare.

Ɗan bautar ƙasa da ke tare da ni ya ce, "Oga, tunda azumin bana ya faɗo a Maris cif, mu rubuta sunan watan a cikin jadawalin mana, ya riƙa sauya kansa." Manhajar na karɓar sunan wata, gaskiya ne. Amma watannin bature ta sani, azumi kuwa yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, baɗi wajen tsakiyar Fabrairu zai kama, kuma ranar farawa sai an ji daga fadar Sarkin Musulmi. In an rubuta Maris, baɗi jadawalin zai sauya kansa a lokacin da bai dace ba, babu wanda zai tuna dalili. Jadawali biyu ne masu suna a fili, a sauya layi ɗaya da hannu, a gwada saitin da bacula-dir -t, a ba da umarnin reload. Na rubuta matakan a takarda na manna a ƙofar kabad ɗin sabobi.

Laraba, 19 ga Maris

Wa'adin ajiya. Wannan ɓangaren ba ya cikin abin da aka ce in gyara, amma ba ya rabuwa da jadawali, kuma nan ne aka fi yin asara shiru.

Lahadin farko zuwa Lahadin farko ba "wata ɗaya" ba ne. Daga 2 ga Fabrairu zuwa 2 ga Maris kwana 28 ne, daga 2 ga Maris zuwa 6 ga Afrilu kwana 35. A wajen Bacula kuwa wata kwana 30 ne. Na tarar an sa wa rukunin faifan cikakken kwafi wa'adin wata ɗaya. Ma'ana a wata mai tsawo, cikakken kwafin zai iya cika wa'adinsa a sake rubutu a kansa tun sabo bai zo ba, a bar guntayen ƙari suna rataye ba uwa. Ƙidayar wa'adi kwanaki take bi.

Yanzu: ƙari kwana 21, bambanci kwana 45, cikakke kwana 100 a faifai, ta yadda kullum akwai uku a hannu. Tsarin kaka da uba da ɗa ke nan da aka gada tun zamanin manyan kaset. Sauya lambar a fayil ɗin saiti bai isa ba, domin faifan da aka riga aka yi wa rajista suna riƙe da tsohon wa'adinsu, sai an bi su da umarnin update a bconsole, wurin ba Bacula umarni. Max Full Interval, wato iyakar tazara tsakanin cikakken kwafi da na gaba, na sa shi kwana 40. In da 30 ne, da ranar 1 ga Afrilu manhajar za ta ga wa'adi ya wuce ta tayar da cikakken kwafin da babu wanda ya shirya masa. Arba'in na ba mu kwanaki mu nemi wata Lahadi ko wani dare kafin ta yi gaban kanta.

Kaset kuma doka ce ke jan sa ta ɓangare biyu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a adana bayanan lissafi shekara shida. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ce kada a riƙe bayanan mutane fiye da bukata. Hotunan katin shaidar direbobi da na masu neman aiki na cikin jaka ɗaya da takardun lissafi. Na raba su aiki biyu, kowanne da kaset ɗinsa da wa'adinsa, na kuma kai wa lauyan kamfani tambayar tsawon na biyun. Ba ni zan yanke wannan ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Shirin Sallah. Juyewa a kaset na yi da safe ƙarfe tara, lokacin da inji ya daidaita kuma ɗaki ya yi sanyi. Kaset ɗin LTO-8 na cin terabayit 12 ba tare da matsewa ba, cikakken kwafinmu bai kai rubu'insa ba. Daga faifai ake juyewa, ba daga sabobi ba, don na'urar kaset na son a riƙa ba ta kaya da gudu, in kayan na zuwa a hankali sai ta yi ta tsayawa tana komawa baya, ta gajiyar da kanta da kaset ɗin.

An fitar da kaset ɗin Maris daga ginin yau. Na hana a bar shi a bayan mota ko na awa ɗaya, zafin Kano a wannan wata ba na wasa ba ne. Amfanin kaset ɗin da ke cikin akwati a wani gini shi ne babu wayar da ta kai gare shi, masu kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa kuwa kwafin ajiya suke fara nema.

Juma'a, 4 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi 30 ga Maris, gwamnatin tarayya ta ba da hutun Litinin da Talata. An koma jadawalin kullum ranar Laraba.

Hajiya na son kwafi na musamman duk ƙarshen wata, wanda za a ajiye shekara shida. Manhajar na da kalmar lastday don wannan, kuma da farko ita aka yi niyyar sawa. Sai ga 31 ga Maris, ƙarshen wata kuma ƙarshen rubu'in shekara, ta faɗo ranar hutu. Ko ba hutu ma, sashen kuɗi ba ya rufe littafi ranar ƙarshe. Sai takardun rassa sun iso, an daidaita da na banki, an gyara abin gyarawa. Na Maris yau da hantsi suka rufe. Kwafin da za a ɗauka daren 31 zai zama hoton littafin da ba a gama ba, kuma shi mai binciken kuɗi zai tarar bayan shekara huɗu.

Don haka wannan aiki ɗaya ba shi da jadawali sam. Na buɗe wa mataimakin Hajiya ƙofa ƙarama a bconsole wadda ba ta iya komai sai tayar da wannan aikin da duba halinsa. In ta ce an rufe, ya tayar. In 10 ga wata ta yi babu shi, saƙo na zuwa wayata.

Asabar, 12 ga Afrilu

Cikakken kwafin 6 ga wata ya wuce lafiya. Yau gwajin maidowa, a kan tsohuwar saba da aka ware daga layin ofis.

Rumbun ciniki na azahar ɗin Alhamis ya dawo cikin minti 50, har da lodawa. Ban yarda da "OK" na manhaja kaɗai ba, sai da Hajiya ta zo da kanta ta buɗe, ta nemi jimillar bashin dillalai, ta gwada da takardar da ta buga ranar. Ta bi lambobin da bakin biro ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Har kobo." Sannan ta nemi wata takardar lissafi da aka goge tun Disamba, wai ta ga ko da gaske muke.

Nan aka samu cikas. Kaset ɗin Disamba na nan, aikin na cikin kundi, amma jerin sunayen fayilolinsa babu. File Retention, wa'adin riƙe sunayen fayiloli a kundi, na kan kwana 60 da ya zo da shi, bayan nan manhajar na share sunayen don kundin kada ya kumbura. Kayan na kan kaset, sai dai ba a iya shiga a zaɓi fayil ɗaya daga jeri. Muka bi da bscan, ya karanta kaset ɗin ya sake gina jerin, abin da ya ci mana yammacin duka. Takardar ta fito daf da magariba. Na ɗaga wa'adin sunaye zuwa shekara ɗaya ga fayilolin ofis, shida ga kwafin rufe wata, wanda fayilolinsa ba su da yawa. Kundin manhajar, da ke kan rumbun bayanai na PostgreSQL, zai ƙara nauyi, kwafinsa na 7:10 kuma minti ashirin kawai yake da su kafin a kashe inji, don haka zan auna shi duk mako.

Babbar jakar fayiloli ba a gwada maido da ita gaba ɗaya ba, don tsohuwar sabar ba ta da faifan da zai ɗauka. Na rubuta takardar neman faifai biyu, tana teburin Alhaji. VirtualFull na Kaduna na biyu zai gudana Lahadi 4 ga Mayu tare da cikakken kwafin hedikwata, kuma duka biyun faifai ɗaya za su riƙa bugu, don haka zan matsar da na Kaduna zuwa safiyar Asabar in gani. Damina na tafe, solar Kaduna za ta ragu, sai an sake duba lokacin aikinsu na yamma kafin Yuni.